Sawun da Na Ɗauka a Ƙofar Gidan su Lantana

Kwanan baya wani saurayi ya tsaya da babur a gaban rumfata, ya ɗora ƙafa ɗaya a kan bencina, ya leƙa abin da nake yi ya ce, "Baba Sabi'u, ashe dai soso ne kawai kake yankawa ka liƙa? Wannan ai ko ni na iya shi kafin shayi ya huce." Abokansa suka yi dariya. Ni kuwa na riga na ga takalminsa, na san ba da daɗewa ba zai dawo yana tafiya kamar mai taka garwashi. Amma tun da haka kuke ganin sana'ar nan, ku samarin yanzu, bari in ba ku labarinta, ku ji yadda ta kusa raba ni da kasuwar Faskari.

A 'Yargoje aka haife ni, amma a Ƙanƙara na koyi dukanci, a hannun Baba Ɗanjuma, Allah ya jiƙansa. Shekarata ta farko bai bar ni na riƙe basilla ba. Yakan zaunar da ni a bakin rumfa ya ce in kalli ƙafafun masu wucewa, kada in ɗaga kai. Da yamma sai ya jefo mini tsohon takalmi ya ce, "Faɗa mani mai shi." In na ce ban san shi ba, sai ya kifa takalmin ya nuna mini inda ya cinye. "Wannan ɗan dako ne, kuma a kafaɗar dama yake ɗaukar kaya. Wannan ladan ne, dubi yadda ya take bayan, kullum cikin cirewa da sawa yake. Fuska tana ƙarya, Sabi'u, gindin takalmi ba ya yi."

Kayan aikinsa ba su da yawa: basilla biyu, wuƙar yankan kirgi, guduma, ƙafar ƙarfe da ake kifa takalmi a kai, da gwangwanin gam. Amma abin da ya fi ji da shi wani tsohon tire ne cike da rairayi mai laushi. In mutum ya zo ɗinkin sabon takalmi, sai ya yayyafa wa rairayin ruwa ya ce ya taka. Igiya tsawo kawai take gaya maka. Rairayi kuwa yana nuna maka inda ƙafa take dannawa da inda take jin tsoro. Da ya gama dubawa sai ya shafe sawun da tafin hannunsa a gaban mai shi, kullum, komai saurin da ake yi. Ban taɓa tambayarsa dalili ba. Lokacin hankalina yana ƙarƙashin tarin fata, inda nake ɓoye littattafan soyayyar da nake karɓowa a bakin tasha.

Ba na jin kunyar faɗa, littattafan nan sun raba tarbiyyata biyu da Baba Ɗanjuma. A cikinsu na koyi cewa masoyin ƙwarai ba ya magana, alheri yake yi a ɓoye har ranar da za a gane, a fashe da kuka. A cikinsu kuma na koyi cewa duk macen da ta isa a so ta, wuyanta dogo ne, idanunta farare tas, ƙafarta kuma 'yar mitsitsiya kamar ta barewa. Ku riƙe wannan na ƙarshen.

Aikin da ya juya mini sana'a ya zo ne bayan na buɗe rumfata a Faskari. Wani mutumin Sabuwa, Malam Haruna, mai aiki a sashen gashin ƙashi na wani asibiti a birni, ya kawo mini takalmin mahaifiyarsa. Ya ce in ɗaga dunduniyar da kaurin yatsa ɗaya, in sa soso mai ɗan tauri, in rarake tsakiyarsa kaɗan, sannan in yi wani ɗan tudu daidai inda tafin ƙafa yake lanƙwasa. Na ce masa wannan ba takalmi ba ne, shimfiɗar jariri ce. Sai ya cire nasa takalmin, ya ɗora ƙafarsa a kan bencin, ya ja babban yatsansa sama, ya ce in taɓa tafin. Na ji wani abu ya miƙe daga dunduniya zuwa gindin yatsu, kamar tsirkiyar baka.

"Wannan jijiyar ce ke riƙe da tafin ƙafa," in ji shi. "In aka cika mata tsayuwa a kan siminti, ko doguwar tafiya da takalmi marar kauri, ko jiki ya ƙara nauyi, sai ta fara tsattsagewa kaɗan-kaɗan daidai inda ta kama ƙashin dunduniya. Mutum yana barci ta tsuke, tana neman ɗinke kanta. Da asuba ya sauko ya taka, ya farke ɗinkin. Shi ya sa takun farko ya fi kowane zafi, kamar an kafa ƙusa. In an ɗan yi tafiya ya lafa, in an zauna an tashi ya dawo."

Da ya ce ɗinki sai na gane, don yaren gidanmu ya yi. Ya ce takalmi rabin magani ne. Sauran rabin, kafin mutum ya sauka daga gado ya zagaya yatsunsa da rawani ko zane, ya ja su wajen ƙirjinsa ya riƙe. Ya dafa bango, ya miƙe ƙafar mai ciwo baya, dunduniya a ƙasa, har ya ji sharaɓarsa ta ja. In ya zauna ya riƙa murza kwalbar ruwan sanyi ko totuwar masara da tafin ƙafa. Kada ya taka siminti ba takalmi, ko daga ɗaki zuwa banɗaki ne. Ya kuma yi haƙuri, don abin watanni yake ɗauka. Sannan ya ja mini kunne: ƙafar da ta kumbura, ko ta mutu ba a jin taɓi, ko mai gyambo, ko ta mai ciwon suga, ko wadda aka faɗo a kanta, ba tawa ba ce, in tura mai ita asibiti. Har yau ban taɓa karya wannan ba.

Kafin ranar, abin da na sani game da ciwon dunduniya shi ne abin da kowa ya sani. Ko dai ƙaya ce ta karye a ciki, a tafi wajen wanzami ya tsaga ya yi ta laluben abin da babu, ko kuma an ɗauki sawun mutum. Kun san zancen. Maƙiyi ya bi bayanka, ya ɗebi ƙasar da ka taka, ya kai inda ake kaiwa, a soka mata allura, kai kuma ka wayi gari ba ka iya taka ƙasa. Wasu kuma sun ce da ƙasar sawun mace ake janyo zuciyarta.

Muguwar shekara ta zo ne lokacin da silifas ɗin roba masu kala-kala suka cika kasuwa. Abin da za ka sayi na fata ɗaya da shi sai ya sai maka biyar. Dukawa uku a layinmu suka naɗe kaya, ɗaya ya koma acaɓa, biyu suka koma gona. Ni na zauna ina korar ƙuda da littafi. Abin da ya rage mini a duniya rumfar nan ce, da 'yan tsirarun masu ciwon dunduniya da suka fara jin labarina.

A shekarar ce kuma Lantana ta dawo gidansu bayan rasuwar mijinta, ta kama sayar da abinci a bakin tasha tare da goggonta, wadda duk gari ke kira Goggo Indo. Goggo Indo 'yar tsohuwa ce ƙarama, ba ta kai kafaɗata ba, amma in ta kira mai ruwa daga tasha har 'yan awaki a bayan kasuwa sukan ɗaga kai. Lantana kuwa, ranar da na fara ganinta tana zuba miya, tururin tukunya yana zagaye fuskarta kamar farin wata a cikin gajimare, na ci tuwo kwano biyu ban san da wace miya na ci ba.

Wata guda ina zuwa, wata rana sau biyu, kafin na lura da abin da ya kamata baduku ya fara gani. In ta zauna ta ɗan huta, aka kira ta ta tashi, sai ta cije leɓe a takun farko, ta dafa tebur. Simintin wurin kamar dutse, su kuma tsaye daga hantsi zuwa la'asar. Na gane ciwon nan take. Amma ni da nake sanin mutum ta takalminsa kafin in san sunansa, ƙafar Lantana kaɗai ce ban taɓa gani ba. Teburin tukwane ya tare ta, zanenta yana share ƙasa, ni kuma in ta matso idona ba ya wuce kwanon gabana.

Mai hankali zai je ya ce, "Malama, na ga kina ɗingishi, ki zo rumfa a auna." Amma namijin da bai taɓa cewa komai ba sai "a ƙara miya", ta ina zai fara da roƙon bazawara ta ba shi ƙafarta? Ban da haka, littattafaina sun riga sun yanke hukunci. Za a ɗinka takalmin a ɓoye, a ajiye mata a ƙofa, ta sa ta ji sauƙi, ta yi ta tambayar taurari ko wane ne.

Wata safiya bayan an kwana ana ruwa, na fito daga masallaci gari ya yi haske, ƙafata ta bi da ni ta layin su Lantana. A ƙofar gidan ga sawu nan raɗau a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sun fito ba takalmi sun kwashe itacen girki daga ruwa. Sawun iri biyu ne. Ɗaya dogo ne mai faɗi, kamar an kifa faifai. Ɗayan ɗan siriri, ɗan ƙarami, ga yatsu sun nitse, dunduniyar hagu kuwa da ƙyar ta taɓa ƙasa, alamar mai ita tana tsoron takawa. Na ce a raina, ga barewata, ga kuma ciwonta a rubuce. Babban kuwa na ce na tsohuwa ne, shekaru sun baje shi.

Na durƙusa na auna da tsinken tsintsiya. Da a nan na tsaya da ba a yi komai ba. Amma tsinke bai isa ya riƙe mini zurfin lanƙwasar ba, ga kuma wani murfin tukunya da aka bari a bakin zaure. Na zura shi a hankali ƙarƙashin sawun, na ɗago ƙasar gaba ɗaya ba ta fashe ba, na rufa mata hulata, na tafi da ita a hannu biyu kamar mai ɗauke da ƙwai. Ashe Goggo Indo tana cikin zaure tana kallona ta tsagar ƙyaure. Ba ta ce uffan ba, kuma duk wanda ya san ta zai gaya muku babu alamar da ta fi wannan muni.

Kwana uku na yi a kan takalmin. Jar fata na sa, ta ƙarshe da ta rage mini mai kyau. Na yanka gindin daga taya, na kankare shi har ya yi laushi, na ɗora soso hawa biyu, na rarake na hagu fiye da na dama, na yi tudun lanƙwasa daidai da ƙasar da ke kan murfin. A samansa na ɗinka fure da koren zare. Saboda kaina yana ƙasa, sai a rana ta biyu na lura da yadda mutane ke wucewa ta gaban rumfata. Wani ya zo daidai ni sai ya fara jan ƙafa, yana goge bayansa. Wata mata ta ɗauki ɗanta mai shekara bakwai ta saɓa a kafaɗa. Wani dattijo ya wuce da baya-da-baya yana share ƙasa da bakin rigarsa. Wani Bafulatani ya dogara sandarsa ya tsallake gaban rumfar gaba ɗaya. Har mai shayin da muke hira kullum ya daina kawo mini, ya koma miƙo kofin daga kan benci, ƙafafunsa a sama.

Rana ta uku aka ce Sarkin Kasuwa yana kirana, in taho da abin da na ɗauka. Na tarar da rumfarsa cike. Goggo Indo tana tsaye a tsakiya, Lantana a gefe cikin mata, ta ja mayafi.

"Ranka ya daɗe, ga shi nan," in ji Goggo. "Wata huɗu ɗiyata ba ta iya taka ƙasa da safe. Mun sha rubutu, mun yi hayaƙi, ashe mai abin yana zuwa kullum shina ce mana a ƙara miya. Da idona na gan shi. Har murfin tukunyata ya haɗa."

"Goggo, ai kin ce wata huɗu," na ce. "Ni kuwa shekaranjiya na ɗauka."

"Shekaranjiya na gan ka. Wa ya san sau nawa ka zo ina barci?"

Sarkin Kasuwa, wani dattijo mai jiki, ya ce in faɗi abin da ya kai ni. Na ajiye murfin da takalmin a gabansa, na yi bayanin tsirkiyar nan yadda Malam Haruna ya yi mini. Don su yarda na san ciwon, sai na shiga zayyana shi. Na ce mai shi in ya farka yakan zauna a bakin gado yana kallon ƙasa kamar rijiya. Takun farko ƙusa ce. Yakan bi bango zuwa wajen buta. Kafin ya isa masallaci ya lafa, amma in aka idar da salla aka zauna lazimi, tashi sai da dabara, har yakan yi kamar yana ƙara addu'a don mutane su watse.

Fuskar Sarkin Kasuwa ta canza. Ya janye ƙafafunsa ƙarƙashin babbar riga.

"Kai, wa ya gaya maka abin da nake yi a masallaci?"

Wurin ya ɗauki salati. Wani daga baya ya ce, "Har na Sarki ya ɗauka." Goggo ta tafa hannu ta ce, "Kun ji ko? Ni na faɗa?" Wasu suka fara cewa a fitar mini da kaya yau ɗin nan. Na ga rumfata tana tashi sama kamar hayaƙi, na fara tunanin ko zan iya tuƙa babur.

Sai Lantana ta matso ta leƙa murfin. Ta daɗe tana kallo. Kafaɗunta suka fara rawa, na zaci kukan da littafi ya yi alkawari ne ya iso. Ashe dariya ce.

"Ranka ya daɗe, wannan ba sawuna ba ne."

"To na wa ne?"

"A dubi ɗan ƙaramin yatsan da ya hau kan ɗan'uwansa. Duk gidanmu mutum ɗaya ke da shi."

Idanun kasuwa gaba ɗaya suka sauka a kan ƙafar Goggo Indo. Ta yi sauri ta take ta da ɗayar, amma an riga an gani. Kwana uku ina wa ƙasar nan kirari a zuci, ina kiranta sawun barewa, ina rufa mata hula kada iska ta taɓa ta. Ashe na tsohuwa ne.

Goggo ta dafe ƙirji. "La'ilaha illallahu. Ashe ni yake nema. Kai ɗan nan, ka san na girmi uwarka?"

"Goggo, wallahi kuskure ne."

"Kuskure ne ya ɗinka fure?"

Da dariya ta lafa, na roƙi a bar ni in yi magana ɗaya. Na ce mai wannan sawun, ko wace ce, dunduniyarta ta hagu tana ciwo, ga shi ƙasa ta nuna. Goggo ta ce ƙarya ne, lafiyarta ƙalau. Lantana ta ce, "Goggo, shekara guda kina bin bango da asuba, kin ce in na faɗa za ki tsine mani."

Sarkin Kasuwa ya shafa gemu, sannan ya yanke hukunci. Takalmi na mai sawu ne, Goggo ta sa shi kwana arba'in, ta kuma yi abubuwan da baduku ya ce. In asiri ne, za a gan ta tana bin sa. In magani ne, za a gan ta tana tafiya. In ba a ga ko ɗaya ba, maƙaryaci ne, ya bar kasuwa. Kafin nan kada in auna ƙafar kowa. Ya sa na maimaita zancen bango da rawani da totuwa a gaban jama'a, wai don shaidu. Sau biyu ya ce in sake faɗin na bangon, a hankali.

Washegari da safe na bi ta cikin gari, na ga abin da ban taɓa gani ba. A layi ɗaya na ƙirga dattawa huɗu kowa ya dafa katangar gidansa yana turawa, ƙafa ɗaya a baya, kamar an ba su kwangilar rushe Faskari. Kowa ya gan ni sai ya yi kamar yana duba tsagar bango. Ashe ciwon ya cika gari, kowa yana ɓoyewa yana zargin maƙwabcinsa. A kwana na tara Sarkin Kasuwa ya biyo da azahar, ya ajiye takalminsa a bencina, ya ce da ƙarfi maɗaurin ne ya tsinke. Maɗaurin lafiyarsa lau. Ya rage murya ya ce, "Na dama ne." An hana ni awo, ba a hana ni karanta gindin takalmi ba.

Amma duk wannan ba zai cece ni ba, don hukunci yana ƙafar Goggo Indo, ita kuwa ba a taɓa kayar da ita a gaban jama'a ba tun da aka haife ta. Ta sa takalmin, amma ta samo sanda. Duk lokacin da ta zo wucewa ta kasuwa sai ta dogara ta tana nishi, tana cewa, "Wayyo ƙafata, gara jiya da yau." In ta hango ni kuma sai ta ja mayafi ta rufe fuska, wai kada asirin ya sami ƙofa.

Ranar arba'in rumfar Sarkin Kasuwa ta fi ta farko cika. Goggo ta iso a makare, sanda a gaba, nishi a baya.

"Hajiya, yaya ƙafa?"

"Tana nan yadda take, ranka ya daɗe. Mi za a fasa? Soso ne fa kawai."

Na roƙi a ba ni ƙafa ɗaya in duba. Ta ciro na hagu ta tura mini da sanda. Na kifa shi yadda Baba Ɗanjuma ya koya mini, na ɗaga kowa ya gani. Na ce mai tsoron dunduniya a kan yatsu take tafiya, gaban takalminta ke cinyewa. Wannan bayansa ne ya cinye, kuma cin da ya yi ba na tsakanin gida da tasha ba ne.

Lantana ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "An yi suna a ƙauyenmu makon jiya. Mun rasa mota, da ƙafa muka dawo. Ita ce a gaba, sandar a hammata."

"'Yar nan, da bakin wa kike?"

Sarkin Kasuwa ya ɗaga hannu. "Ba a ƙaryata babba. Tun da Hajiya ta ce bai yi mata komai ba, to bai yi ba. Baduku zai bar kasuwa. Hajiya, cire ɗayan a maida mashi kayansa, ki koma silifas ɗinki."

Goggo ta kalli na ƙafarta, ta kalli na hannuna, ta kalli simintin rumfar da take tsaye a kai da ƙafa ɗaya. Ta fara sauke dunduniyar da babu takalmi, kafin ta taɓa ƙasa ta fasa.

"Wane kayansa? Kyauta ake maidawa? Kai, ba ni abina."

Ta fizge shi daga hannuna, ta zura, ta juya ta ratsa jama'a da saurin da sai da aka buɗe mata hanya. Sandar tana nan a ƙasa inda ta bar ta. Sarkin Kasuwa ya miƙe tsaye, karon farko ba tare da ya dafa kowa ba, ya ce, "Baduku, koma rumfarka ka ci gaba da awo."

Ba zan ce muku ta warke ranar ba. Sai da ta kusa shekara kafin ta manta wace ƙafar ce. Amma daga makon nan ban ƙara korar ƙuda ba. Silifas ɗin da suka kashe mini kasuwa su suka riƙa turo mini mutane, daga Ƙanƙara, daga Sabuwa, daga rugage. Kuma tun daga lokacin, duk wanda ya taka mini rairayi, ina gama dubawa nake shafe sawun da tafin hannuna yana kallo. Sai a lokacin na gane abin da Baba Ɗanjuma yake yi, shekara da shekaru ina kallo ban gani ba.

Kwana biyu da wannan hukunci, da hantsi, Lantana ta zo ita da wata ƙawarta. Ta tsaya a bakin rumfa ta ce, "Malam Sabi'u, an ce nan ake awo. In mutum ya zo da kansa, sai an biyo shi da murfi?"

Na yayyafa ruwa, na tura mata tiren da na gada daga Baba Ɗanjuma. Ta ɗan ɗage zane ta taka. Dunduniya ta shiga, yatsu biyar suka leƙo waje suna kallon kasuwa. Faifan nan da na tsallake a ƙofar gida, shi ne. Ƙafarta ta fi tawa da yatsa biyu. Na duba duk littattafan da ke cikin kaina, babu wanda ya tanadi wannan shafin.

"Yaya dai?" ta ce. "Barewar ba ta shiga ba?"

Ashe ma a fili nake kirarin, mai shayi ya kai mata.

Na ce ta jira. Na ruga layin 'yan kwanuka na sayo tire mafi girma da ke kasuwar, irin na rabon abincin biki. Shi ne wannan da ke ƙarƙashin bencina, wanda kuke tambaya ko na auna raƙumi ne. Bayan babbar salla aka ɗaura mana aure, kuma Goggo Indo ce ta riƙe amarya, cikin jan takalminta mai fure. Har ta koma ga Allah, duk baƙon da ya zo gidan sai ta nuna ni da baki ta ce, "Ni ya fara nema. Na ga yaro ne, na bar wa ɗiyata."